Idan Aka Yi Kuskure a Asibiti, Wa Zai Tsaya Gaban Alƙali?

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati da tsakar dare ya san wanda yake tararwa a ɗakin taimakon gaggawa. Yawanci matashi ne ko matashiya, sa'anmu ko wanda ya ɗan girme mu kaɗan, ido ya yi ja don rashin barci, ga layi a bakin ƙofa, ga 'yan jinya kowa yana cewa nasa ya fi tsanani. Babban likita yana gida, sai an kira shi. A ƙananan asibitoci irin na yankinmu na Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa ma, sau da yawa babu wani babban da za a kira. Wanda ka gani shi ne na farko, shi ne na ƙarshe, har sai an tura ka Funtuwa, ko Katsina, ko Shika a Zariya.

To, idan wannan matashin ya yi kuskure a daren nan, rai ya salwanta, wa zai amsa? A da amsar ɗaya ce: kwana ne ya ƙare, Allah Ya jiƙan rai, a yi zaman makoki a watse. Yanzu zamani ya juya. Kowa da waya a hannu, kafin a fito da gawa labari ya kai Facebook, kuma mutane sun fara sanin hanyar ofishin lauya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, 'yan'uwa ɗalibai. A cikinmu akwai masu yayye da ƙanne a makarantun koyon likitanci da na jinya. Akwai masu karanta kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje da ke sa ran aiki a kusa da asibiti. Wanda bai shiga ɗayan biyun nan ba kuwa, wata rana zai kwanta a gadon asibiti ko ya zauna a gefensa. Shi ya sa na ga ya dace mu duba yadda shari'ar sakacin likita take, da abin da ya kamata a koya wa likita mai neman ƙwarewa tun kafin sammaci ya iso shi.

Labarin Dakta Hadiza

Akwai shari'ar da ta girgiza likitocin duniya, kuma wadda abin ya faɗa wa 'yar asalin Najeriya ce, Dakta Hadiza Bawa-Garba. Likitar yara ce mai neman ƙwarewa a wani babban asibiti a birnin Lesta da ke Ingila. Tana cikin shekararta ta shida ta horon ƙwarewa, kuma ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa na fiye da shekara guda ba.

Ranar 18 ga Fabrairu, 2011, da hantsi, aka kawo wani yaro ɗan shekara 6 yana amai da gudawa, numfashinsa ba daidai ba. Yaron dama yana da ciwon zuciya da ake ba shi magani a kai. A ranar ma'aikata ba su cika ba, don haka aikin da ya kamata a raba tsakanin likitoci ya taru a kanta. Babban likitan da ke kan aiki yana wani gari yana koyarwa, bai iso ba sai da yamma. Na'urar kwamfutar da ke fitar da sakamakon gwajin jini ta lalace na sa'o'i. Da farko ta ɗauka ciwon ciki ne da ƙarancin ruwa a jiki, ta sa aka yi masa ƙarin ruwa. An ɗauki hoton ƙirjinsa da rana tsaka, amma ba ta gan shi ba sai wajen ƙarfe 3. Hoton ya nuna ciwon huhu, ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ba shi wajen ƙarfe 4. A lokacin gubar cutar ta riga ta bazu a jininsa.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka faru da ya kamata kowane ɗalibin lafiya ya haddace. Na ɗaya, da gangan ta ƙi rubuta wa yaron maganin zuciyarsa na kullum, domin maganin yana sauke hawan jini, kuma a halin da yake ciki yana da haɗari. Tunanin daidai ne. Amma ba ta bayyana wa mahaifiyar ƙarara cewa kada a ba shi ba, sai aka ba shi da daddare kamar yadda aka saba a gida. Na biyu, da yamma ta gaya wa babban likita sakamakon gwajin jinin, ya ji, amma ba ta ce masa "zo ka duba yaron nan" ba, shi ma bai je ba. Da dare zuciyar yaron ta tsaya. Ana cikin ƙoƙarin farfaɗo da shi ta ruɗe, ta ɗauka wani yaro ne daban da aka rubuta kada a farfaɗo da shi, ta sa aka dakata na ɗan lokaci kafin a gane. Kotu ta yarda wannan ruɗewar ba ita ta kashe shi ba, amma ta ƙara ɓata mata suna a idon jama'a. Yaron ya rasu a daren.

A Nuwamban 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, aka yanke mata ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. Wata nas ma an same ta da irin laifin. Babban likitan ba a gurfanar da shi ba. A 2017 kwamitin ladabtar da likitoci ya dakatar da ita na wata 12. Hukumar likitocin ƙasar ta ce hukuncin ya yi sauƙi, ta je babbar kotu, a Janairun 2018 aka soke sunanta daga rajista gaba ɗaya. Likitoci suka yi ca, suka tara kuɗi sama da fam dubu 300 don ɗaukaka ƙara, suna cewa kowannensu yana aiki a irin wannan yanayin kullum. Ranar 13 ga Agusta, 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata da sunanta, a 2021 kuma aka ɗage sauran sharuɗɗan da aka gindaya mata. Shekara goma ke nan daga ranar da yaron ya rasu.

Kada mu manta akwai iyayen da suka kai ɗansu asibiti da safe, dare bai raba ba suka rasa shi, kuma suna da haƙƙin a gaya musu dalili. Binciken da asibitin ya yi da kansa ya gano gyare-gyare masu yawa da tsarinsa ke buƙata. Amma da aka zo tsayuwa gaban alƙali, ƙananan ma'aikatan da ke bakin gado su suka tsaya. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da wuta da ruwa da kayan aiki, ina ga likita ɗan bautar ƙasa da aka turo babban asibitin ƙaramar hukuma shi kaɗai? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba kowace mutuwa ce sakaci ba

Abu na farko da ya kamata ɗalibin likitanci da ɗan jinya su fahimta shi ne doka ba ta ce likita ya warkar da kowa ba. Abin da ta ce shi ne ya yi aiki da kulawa da ƙwarewar da ake sa rai daga duk wanda ke riƙe da irin muƙaminsa. Wanda ya kai ƙarar neman diyya sai ya tabbatar da abubuwa huɗu. Cewa likitan ya karɓi nauyin kula da mara lafiyar. Cewa ya gaza yin abin da likita mai hankali zai yi a wannan halin. Cewa an samu cutarwa ta zahiri, kamar mutuwa ko nakasa ko asarar dukiya. Sannan cewa gazawar ce ta jawo cutarwar, ba ciwon da kansa ba.

Na huɗun nan ne ya fi wuya, kuma akwai tsohuwar shari'a daga Ingila da malaman doka ke ba da misali da ita. A safiyar sabuwar shekarar 1966 wasu masu gadin dare uku suka sha shayi, suka kama amai, suka je asibiti a Landan. Nas ta kira likita a waya, shi kuma ba ya jin daɗi, sai ya ce su tafi gida su nemi likitocinsu. Bayan 'yan sa'o'i ɗaya daga cikinsu ya mutu, ashe guba ce a shayin. Matarsa ta kai ƙara. Alƙali ya ce tabbas likitan ya yi sakaci da bai fito ba, amma ko da ya fito, maganin gubar ba zai isa jikin mutumin a kan lokaci ba, don haka babu diyya. Kotunanmu na Najeriya sun gaji wannan tsarin tunani daga dokokin Ingila, kuma da shi suke aiki.

Akwai kuma kuskuren da ba ya buƙatar dogon bayani. Idan aka manta almakashi ko auduga a cikin mutum bayan tiyata, ko aka yanke ƙafar da ba ita ke ciwo ba, ko aka ƙara wa mutum jinin da ba rukuninsa ba, abin da kansa shaida ne. A nan asibiti ne zai yi bayanin yadda hakan ta faru ba tare da sakaci ba, kuma da wuya bayanin ya samu.

To, "ni sabo ne, ban daɗe da gama makaranta ba" fa, uzuri ne? A'a. Wata shari'ar ta shekarun 1980, ita ma a Ingila, ta yanke wannan. Ƙaramin likita ya sa wa jariri bakwaini siririn bututu a jijiyar da ba ita ba. Kotu ta ce ana auna mutum da kujerar da yake kai, ba da shekarunsa a aiki ba, domin mara lafiya bai zaɓi wanda zai duba shi ba. Amma abin lura, ƙaramin likitan ya kuɓuta, saboda ya kira na gaba da shi ya ce ya duba masa aikin. Na gaban ne bai lura ba, laifin ya koma kansa da kan asibitin. Ka ga ke nan, matambayi ba ya ɓata, har a gaban kotu.

Ƙofofi uku da ƙorafi ke bi a Najeriya

Idan iyali suka ce ba su yarda ba, akwai hanyoyi uku, kuma ana iya bin fiye da ɗaya a lokaci guda.

Ta farko ita ce hukumar da ta ba da lasisi. Ga likitoci da likitocin haƙori, Hukumar MDCN ce. Mai ƙorafi yana rubuta takardar rantsuwa ya miƙa, kwamitin bincike ya duba ko akwai abin tuhuma, in akwai sai a tura gaban kotun ladabtarwa ta hukumar. Wannan kotun tana iya jan kunne, ko dakatarwa har zuwa wata shida, ko soke suna daga rajista. Wanda bai gamsu ba sai ya tafi kotun ɗaukaka ƙara. Ba ta ba da diyya, aikinta tsare mutuncin sana'ar da kare jama'a. Nas-nas da ungozomomi suna da tasu hukumar, haka masu haɗa magani, haka masu gwajin jini, haka jami'an lafiya na matakin farko da muka fi gani a asibitocin ƙauyukanmu.

Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya a babbar kotu. Galibi ana haɗa likita da asibitin da ya ɗauke shi aiki, domin doka ta ɗora wa mai gida alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Wanda zai kai ƙarar asibitin gwamnati ya nemi lauya da wuri, saboda akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ƙayyade wata uku don shigar da wasu ƙararraki a kansu, kuma mutane da yawa sun rasa damarsu ta nan tun ba a saurari kokensu ba.

Ta uku ita ce tuhumar laifi, inda 'yan sanda da lauyoyin gwamnati ke shigowa. Ba kowane kuskure ne ke kai nan ba, sai wanda ya kai matakin ganganci da wasa da rai. Ita ce ƙofar da Dakta Hadiza ta bi, kuma ita ce mai iya kai mutum gidan yari.

Akwai dokoki biyu da duk ɗan yankinmu ya kamata ya sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma yana fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sai dokar 2017 ta kula da waɗanda aka harba da bindiga, wadda ta wajabta wa asibitin gwamnati da na kuɗi su karɓi wanda aka harba nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, sannan asibitin ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin sa'a biyu da fara magani. A ƙasar da muka ga abin da muka gani a hanyar Sheme da 'Yankara da ƙauyukan Sabuwa, wannan doka ta rayuwa da mutuwa ce. Ƙaramin likitan da ya ce "sai kun kawo takardar 'yan sanda" yana zaton kansa yake karewa, alhali doka yake karyawa.

Sa hannu daban, yarda daban

Yawancinmu mun taɓa ganin an miƙo wa tsoho takarda da Turanci an ce dangwala nan, za a shiga da matarka tiyata. Wannan dangwale ba ya wadatarwa. Dokar 2014 ta ce a gaya wa mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, da haƙƙinsa na ƙin amincewa, kuma a yi bayanin da harshen da yake ji, daidai da iliminsa. Wato ga mutumin Daudawa ko Mairuwa, da Hausa.

Kotun Ƙoli ta Najeriya ta ƙarfafa wannan a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo na Inugu. Wata mata mai jego ta ƙi a ƙara mata jini saboda aƙidar addininta, ta sa hannu a rubuce, mijinta ma haka. Likitan ya mutunta ra'ayinta, ya ci gaba da kula da ita ba tare da jini ba, ta rasu. Kotun ladabtarwa ta dakatar da shi, amma Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. Darasin yana da fuska biyu. Likita ba shi da ikon tilasta wa baligi, kuma yardar da doka ta sani ta mara lafiyar ce da kansa. Shawara da miji ko uba abu ne mai kyau da al'adarmu ta saba da shi, amma macen da ke naƙuda, tana cikin hankalinta, ta ce a yi mata tiyata, yardarta ta isa. Rayuka nawa aka rasa ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa?

Mu a Arewa mun ɗanɗana abin da rashin bayani ke jawowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya samu amincewarsu ta baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma zargin da abin ya shuka a zukatan mutane ya fi kuɗin tsada, domin yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Tawakkali bai soke haƙƙi ba

Wani zai ce ai mu Musulmi ne, kai ƙarar likita kamar ja da ƙaddara ne. Malamanmu ba haka suka fahimta ba. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ya ɗora lamunin ɓarna a kan duk wanda ya shiga yin magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba. Ibnul Ƙayyim ya kasa masu magani gida biyar, ya bambanta gwanin da ya yi aikinsa daidai aka samu akasi, wanda babu komai a kansa, da gwanin da hannunsa ya kuskure, da jahilin da ya ruɗi mutane. Ibnu Rushdi, malamin Malikiyya, shi ma ya tattauna diyyar kuskuren likita a littafinsa Bidayatul Mujtahid. Ashe tun ƙarnoni da suka wuce fiƙihu ya raba tsakanin ajali da sakaci. Yafiya alheri ce, kuma iyali suna da ikon yafewa. Sai dai mutum yana yafe abin da ya sani ne. Wanda aka ɓoye masa gaskiya ba a ba shi damar yafewa ba ma.

Abin da ya kamata a koya wa likita tun yana ɗalibi

Ɗalibin likitanci a Najeriya yana shekara shida a jami'a, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki da lasisin wucin gadi, yana zagaya sashen manya, da tiyata, da yara, da haihuwa a ƙarƙashin kulawar manya. Daga nan sai bautar ƙasa, inda ake iya jefa shi inda babu kowa a samansa. Kafin ya kai nan, akwai ɗabi'u da ya kamata su zama masa jiki.

Rubutu shi ne kan gaba. Shari'a tana zuwa bayan shekaru, lokacin da kowa ya manta, sai fayil kaɗai ke tunawa. Ya rubuta kwanan wata da lokaci, abin da ya gani, abin da ya yanke da dalilinsa, wanda ya kira da amsar da aka ba shi. Idan ya dakatar da magani da gangan, ya rubuta, ya gaya wa nas, ya gaya wa mai jinya baki da baki. Idan babu jini a ma'ajiya, ko wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, ko babu motar da za ta kai mara lafiya Funtuwa, ya rubuta da lokacin. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Ma'aikacin da ya kasa samun na gaba da shi a irin wannan lokaci, ba abin da zai nuna ya yi ƙoƙari sai abin da ya rubuta. Kuma kada ya kuskura ya koma ya gyara fayil bayan abu ya ɓaci. Kuskure ana iya kare shi a kotu, amma goge rubutu da sauya shi ha'inci ne, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Sai kiran babba. A asibitocinmu akwai tsoron oga, ƙaramin likita yana gudun kada a ce bai iya ba, ko a yi masa tsawa don ya ta da mutum daga barci. Tsawar dare ɗaya ta fi shekara goma a kotu sauƙi. Kuma kiran ya zama a fili: "Ranka ya daɗe, ina so ka zo ka ga wannan yaron yanzu, hankalina bai kwanta da shi ba." Karanto lambobin gwaji kawai bai isa ba, mun ga haka a Lesta. Su ma manyan akwai nasu nauyin, domin wanda ya hana a kira shi ya raba laifin da yaronsa.

Sai sanin iyaka. Tura mara lafiya gaba da wuri, da takardar bayani a hannunsa, ba gazawa ba ce. Riƙe shi har sai ya galabaita sannan a ce a tafi Shika, wannan shi ne abin tuhuma. A ɗakin tiyata kuma akwai jerin tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wanda ya haɗa da tabbatar da sunan mara lafiya, da gurbin da za a yanka, da ƙirga auduga da kayan aiki kafin a ɗinke. Ba ya cin kuɗi, minti kaɗan yake ci.

Sai faɗar gaskiya idan abu ya ɓaci. Da yawan iyalan da ke zuwa kotu ba kuɗi ne ya fara kai su ba. Wulaƙanci ne, da rufa-rufa, da rashin wanda zai zaunar da su ya ce ga abin da ya faru, Allah Ya ba ku haƙuri. Ƙaramin likita ya sanar da shugabansa nan take, a zauna da iyali tare, a yi musu bayani da harshen da suke ji. Idan kuma takardar ƙorafi ko sammaci ta iso, kada ya ɓoye ta don kunya, kada ya shiga Facebook yana kare kansa da sirrin mara lafiya, domin wannan wani laifin ne daban. Ya kai wa hukumar asibiti da ƙungiyarsa, ya nemi lauya, ya amsa a cikin wa'adi. Tun ranar da ya kama aiki ma ya tambaya ko akwai inshorar da ke kare ma'aikata idan aka kai ƙara. Kuma ya nemi wanda zai yi magana da shi, don likitan da mara lafiya ya mutu a hannunsa ta dalilin kuskurensa yana ɗauke da nauyin da ba kowa ke gani ba.

Namu kason

Saura mu. Wanda ya karanta kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin fasaha ya sani cewa takardarsa ba lasisin gwajin marasa lafiya ba ce, wannan yana hannun hukumar MLSCN. Wanda yake tsare wa yayansa kemis lokacin hutu ya sani cewa lasisin kemis bai ba da izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba. Don unguwa ta fara kiranka "dakta" ba ka zama ba, kuma ranar da allura ta shanye ƙafar yaro, waɗanda suka raɗa maka sunan su za su fara nuna ƙofarka. Likita mai lasisi yana da hukuma da ƙungiya da asibiti a bayansa. Kai ba ka da kowa, kuma hadisin da muka ambata a kanka yake magana.

Idan kuma jinya ta kama ka, kai ne mai boko a gidan, to ka yi amfani da shi. Ka tambayi sunan ciwon da sunan maganin. Ka faɗi duk abin da mara lafiya ya sha a gida, har da na gargajiya da na kemis, kuma kada ka ba shi komai a kan gado sai ka tambaya. Ka adana kati da rasit da sakamakon gwaji. Idan ka ga jikinsa ya sauya, ka je ka faɗa, ka sake faɗa, cikin ladabi. In kana da ƙorafi, ka rubuta wa shugaban asibiti ko hukumar kula da asibitocin jiha, in abin ya girma ka nemi lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Abin da ba shi da gurbi shi ne ɗaga hannu a kan ma'aikaci. Duk likitan da aka mara a Faskari, gobe takardar neman canjin wurin aiki zai rubuta, mu kuma a bar mu da ginin asibiti babu kowa a ciki.

Likitocinmu kaɗan ne, kuma kullum wasu suna haɗa jaka zuwa Saudiyya da Ingila. Ba mu da wanda za mu zubar. Haka kuma ba mu da ran da za mu bari ya tafi a banza a ce kwana ne ya ƙare. Idan kana da ɗan'uwa ko 'yar'uwa a makarantar likitanci ko ta jinya, in kun haɗu a hutun nan ka ba shi labarin Dakta Hadiza, ka tambaye shi ko an taɓa koya musu abin da za su yi ranar da suka yi kuskure. In ya ce a'a, ka ce ya tambayi malamansa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dafa wa masu kula da su.